Tambaya da Amsa: Ɗana ya gayyace ni Holan, mi zan tarar can?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lahiya kai da iyali. Ni ƴar kasuwa ce a babbar kasuwar Maradi, shekara ashirin da wani abu ina saida atamfa, Holan kam ta bi ta hannuna ba adadi amma ƙasar ko a mafarki ban taɓa ganinta ba. To yanzu ɗana da ke karatun noma a garin Wageningen ya ce in zo in yi sati biyu, har ya fara haɗa takardun biza. Wane lokaci ya fi dacewa, mi zan kalla, abinci da salla fa? Kuma gaskiya ne wai ba su son baƙo, ko ruwa ba su ba mutum? Daga wata Hajiya a unguwar Zariya, Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya sa ki je lahiya ki dawo lahiya. Bari in fara da atamfar tunda ita ce sana'arki. Kamfanin Vlisco da ke buga ta yana wani gari da ake kira Helmond can kudancin ƙasar, tun 1846 yake aiki, kuma asali kwaikwayon rinin mutanen Indonesiya suka yi lokacin da suke mulkin mallaka can, daga baya suka gano kasuwarta na nan Afirka ta yamma. Abin da zai ba ki mamaki, za ki yi sati biyun nan da wuya ki ga baturiyar Holan ɗaya ta ɗaura ta, mu suke yi wa. Saboda haka ki tahi da naki ɗinkin masu kyau ki sa abinki.

Lokaci kuwa ni dai Afrilu zan ce miki. Nan gida lokacin ne bazara ke gasa mu zafi ya wuce digiri 40, can kuwa sanyi ya fara raguwa amma ga ɗan Maradi har yanzu sanyi ne sosai, ga iska ga yayyafi ba sallama, ki nemi rigar sanyi mai kauri da safa da rufaffen takalmi. Dalilin Afrilu shi ne furanni, lambun Keukenhof da ke garin Lisse daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu kawai ake buɗe shi, furen tulip da ƴan uwansa wajen miliyan 7 ake shukawa duk shekara, kuma kan fure mai kama da kan albasa ne ake binnewa tun kafin hunturu. Sannan ranar 27 ga Afrilu ranar haihuwar sarkinsu ce Willem-Alexander wanda ya hau sarauta a 2013, ranar kowa ya sa kaya ruwan lemo, manya da yara su baza tsofaffin kayansu bakin titi suna saidawa, gari duka ya koma kasuwa, ke da kika san ciniki za ki ji daɗin ranar.

Amma Hajiya in za ki ji shawarata kar ki ƙare kwanakinki cikin shagunan Amsterdam, ki ce yaron ya kai ki ki ga yadda mutanen nan suke zaune da ruwa, don wallahi abin da ya fi tsaya min a rai ke nan da na je. Ƙasar duka girmanta bai wuce kamar jihar Maradi ba, mutum kusan miliyan 18 a ciki, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar ya fi teku ƙasa, har filin jirgin Schiphol da za ki sauka. Mu nan kakanninmu da gulbi ya ci tsohon garin Maradi a 1945 tashi aka yi aka hau tudu, su kuwa ba tudun da za su hau, dole suka tsaya suka tare ruwan. A daren 31 ga Janairu 1953 teku ya fasa musu shinge a kudu maso yamma, mutum 1,836 suka rasu, daga nan suka shiga gina manyan madatsai shekara da shekaru, mafi girma ita ce ta Oosterschelde da aka buɗe a 1986, tana da ƙofofin ƙarfe da ake saukewa in guguwa ta taso. Tun kafin wannan a 1932 sun gama wata ganuwa mai tsawon kilomita 32 cikin teku, suka zuƙe wani sashe na ruwan bayanta suka mai da wurin gonaki da garuruwa, jiha guda sukutum mai suna Flevoland da can ƙasan ruwa take. Ki je Kinderdijk kusa da Rotterdam ki ga injinan iska 19 da aka gina wajen 1740, ba don ado aka yi su ba, ruwa suke kwashewa daga gona su zuba kogi. Kuma har yau suna da majalisun ruwa da jama'a ke zaɓa, kowane gida yana biyan harajinsa. Na tsaya kan wani shinge ruwa na gefe guda sama da rufin gidajen da ke ɗaya gefen, sai Gulbin Maradi ya faɗo min a rai da gidajen da ke rushewa duk damina, raina ya sosu ƙwarai.

In kin samu Juma'a da safe kuma akwai kasuwar cuku ta Alkmaar, cukunsu manya ne kamar faifai ba irin namu na Buzaye ba, ana ciniki ana tafa hannun juna har a daidaita, yanzu dai nuni ne ake yi wa baƙi amma ya cancanci kallo.

Maganar rashin son baƙo kuwa ba haka ba ce, al'ada ce ta bambanta. Su ba a faɗa wa mutum gida ba sanarwa, sai an sa rana da awa ko da ɗan uwa ne, in an ce ƙarfe uku to ukun ce. Za a ba ki shayi ko kafe da biskit, amma in ba a gayyace ki cin abinci ba to wajen ƙarfe shida na yamma lokacin tashi ya yi, don lokacin suke cin na dare. In an fita tare sau da yawa kowa shi ke biyan nasa. Kuma ba su da kara irin tamu, in abu bai yi musu ba za su ce a'a ido da ido, kar ki ɗauka raini ne, ke ma in namiji ya miƙo hannu ki ɗora naki a ƙirji ki yi murmushi ki faɗa masa dalili, sun fi gane magana a fili.

Salla da abinci ba damuwa, Musulmi na da yawa musamman ƴan asalin Maroko da Turkiyya, akwai masallatai a manyan garuruwa kamar Essalam na Rotterdam, da mahauta masu rubuta halal a ƙofa. Kalmar varken na nufin alade, ki riƙe ta in kina duba kayan kanti. Shagon da kika ga an rubuta coffeeshop kuma ba gidan kafe ba ne, wiwi ake saidawa, ki wuce. Kekuna sun fi mutane yawa, hanyarsu ja-ja ce a gefen titi kuma ba su tsayawa, kar ki taka ta. Kuɗi yuro ne, ɗaya kusan sefa 656, wurare da dama kati kawai suke karɓa, sai ki bar wa yaron wannan.

Na san zuciyar uwa, kin riga kin fara tunanin kilishin da za ki kai masa. Kar ki sa shi a jaka Hajiya, dokar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara ko cuku daga waje, ƴan duwan za su ƙwace har su ci ki tara. Ki kai masa kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji, in sun tambaya ki buɗe ki nuna musu.