Tarar gadar Dartford ta shekarun baya: me za ka yi?

Wani ɗan'uwa mazaunin Ingila ya rubuto cewa masu karɓar bashi da izinin kotu sun aiko masa takarda kan kuɗin ƙetara gadar Dartford, wadda ke kan kogin Thames, na shekara uku da suka wuce. Ya rantse bai taɓa ganin wasiƙar tara ba, domin ya sauya gida tuntuni. Yana tambaya ko tsufan maganar bai kashe ta ba.

Malam, tsufa kaɗai ba ya kashe ta, kada ka jefa takardar a aljihun mota ka manta. Tun Nuwamban 2014 aka cire rumfunan biya a wannan mashiga, kyamara ke ɗaukar lambar mota, kuma wa'adin biya shi ne sha biyun daren washegari. Wanda bai biya ba tararsa fam 70 ce, tana sauka zuwa 35 in ya biya cikin kwana 14, tana hawa zuwa 105 in ya yi shiru. Daga nan a yi rajistarta a Traffic Enforcement Centre, sashen kotu mai kula da tarar hanya da ke Northampton, a aiko maka umarnin biya. Duk wasiƙun suna zuwa adireshin da ke takardar mallakar motarka ta V5C ne, ba na lasisin tuƙi ba. Nan mutanenmu suka fi faɗawa, su gyara lasisi su bar takardar mota.

Mafitarka fom biyu ne. A TE9 za ka shaida cewa wasiƙar tara ba ta same ka ba. Da yake kwana 21 da ake bayarwa don ƙalubalantar umarnin biyan ya wuce, sai ka haɗa da TE7 ka bayyana dalilin jinkiri. Rubuta ranar da ka tashi daga tsohon gida, ka haɗa takardar haya ko ta harajin gunduma mai ɗauke da sabon adireshi. Kowace tara da nata fom ɗin. Da zarar sun shiga hannun kotu, ana dakatar da masu karɓar bashin har a yanke hukunci.

In an amince, za a soke umarnin, galibi a sake aiko tarar tun daga farko, ka biya ƙaramin kuɗi ko ka ƙalubalanta har gaban Traffic Penalty Tribunal, mai sauraron ƙorafi kan tarar hanya. In an ƙi, kana da kwana 14 ka nemi alƙali ya sake dubawa da fom N244, amma shi da kuɗi.

Don Allah kada ka sa hannu cewa ba ka ga wasiƙa ba alhali ka gani. Raina kotu ne, kuma ya fi tarar tsada. Gyara adireshin V5C yau ɗin nan, kafin ka tura komai.