Inda Tabon Ya Fito Ba Nan Ruwan Ya Shigo Ba

Ka ce motar nan mai ɗaki a ciki, irin wadda Turawa ke yawon buɗe ido da ita suna kwana ciki, ta yi tabo a silin kusa da ƙofa, ka leƙa sama ba ka ga huda ba, kana tambaya ko ka bi wurin da silikon kawai. A'a yaro, ajiye silikon ɗin nan tukuna.

Fara sanin wane ruwa ne. Uku ne: na sama, na famfon cikin motar, da raɓar numfashi da girki wadda ke taruwa a gilashi da sanyin safiya. Na famfo ba ya wahalar ganewa. Cika tanki, kunna injin tura ruwa, rufe duk famfuna, ka kasa kunne. In injin ya riƙa tashi shi kaɗai yana mutuwa alhali ba a buɗe komai ba, ruwa na gudu ta wani wuri. Shimfiɗa tishu ƙarƙashin kowace mahaɗa, musamman bayan tukunyar ruwan zafi da ƙasan wurin wanka. Motocin Turai galibi bututun milimita 12 suke da shi, mai mahaɗar turawa. In an yanka bakin bututu a karkace ko bai shige ƙarshe ba, zai yi ta ɗiga. Motar da ta yi hunturu da ruwa a ciki kuwa, mai yiwuwa ƙanƙara ta riga ta tsaga wani abu.

Amma tabon silin yawanci ruwan sama ne, kuma shi ne mai yaudara. Bangon motar nan falle-falle ne: alminiyam ko faiba a waje, soso a tsakiya, siririn katako a ciki. Ruwa kan shiga ta gefen tagar rufi, ya bi sandar firam ya yi tafiya mai nisa, ya ɓullo inda motar ta karkata. Don haka ɗauko mitar danshi ka bi bangon taki-taki kana sa alama da alli. Ƙasa da kashi 15 lafiya lau, daga 15 zuwa 20 a sa ido, ya haura 20 akwai yoyo, in ya kai 30 katako ya soma ruɓewa. Danna da babban yatsa, in ya lotsa kamar burodi, ka san an jima ana sha.

Sai gwajin tiyo. Mutum ɗaya a ciki da tocila, kai a waje. Ruwa a hankali, kada ka kuskura ka sa injin wankin mota, zai tura ruwa inda ruwan sama ba ya shiga. Daga ƙasa za ka fara ka hau sama, kowane wuri minti biyar zuwa goma. In ka fara daga rufi ruwan zai gangaro ya jiƙa ko'ina, ka rasa gane komai. Ga wuraren da za ka bi: tagogi, sandar rumfa, inda wayar sola da eriya suka huda rufi, ɗinkin da ya haɗa wurin zaman direba da ɗakin, sannan tagar rufi. Kwance noti ɗaya-biyu ka duba. Wanda ya fito da tsatsa, ta nan ruwa ke bi.

In ka gano, cire abin da ke yoyon gaba ɗaya, taga ce ko sanda. Kankare tsohon gam da abin kankara na roba, kada ƙarfe ya yaga rufin, ka goge da isopropyl, wato sifirit na goge-goge, ya bushe. Rufin roba na EPDM da ke kan motocin Amurka ba ya shiri da fetur ko kananzir, kumbura yake yi. A ƙarƙashin firam tef ɗin butyl, wato tef ɗin roba mai danƙo, ake sawa, zagaye ɗaya ba yankewa, mahaɗarsa ta kasance a ƙasa in tagar bango ce. Ɗaure notin a gicciye, kaɗan-kaɗan, har butyl ya ɗan tuttulo, washegari ka ƙara ɗaurewa don yana kwantawa. A bakin firam kuma gam ake sawa: Dicor mai bajewa da kansa in rufin roba ne a kwance, Sikaflex 221 in alminiyam ne. Shi Sikaflex kusan kaurin milimita 3 yake bushewa a kwana guda, kada a wanke motar kafin nan.

Silikon na gida da ka ambata, girgizar hanya da rana suna ɗaga bakinsa, ruwa ya shige ya maƙale ƙarƙashi, kuma inda ya taɓa ba gam ɗin da zai ƙara kamawa sai an sha wahalar kankarewa.

Ciki kuma kada ka yi gaggawar rufewa. Buɗe allon, sa fanka, bar shi har mita ta sauka ƙasa da 15. Katakon da ya yi baƙi yana marmashewa a yanke shi har inda mai lafiya ya fara, a dasa sabo. Bayan sati biyu, ko bayan ruwan sama mai ƙarfi, ka sake aunawa a kan alamun allin nan.