Tsakanin "look for" da "find": nema daban, samu daban

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Zariya. Na ce wa malamin Turancinmu "I am finding my biro", ya ce kuskure ne, in ce "looking for". Ina bambancin yake?

Amsa: Malaminki ya yi gaskiya, 'yata, kuma Hausarki ta riga ta raba miki wannan gardama. Da Bahaushe ya ce "mai nema yana tare da samu", abu biyu ya ambata. Nema shi ne wahalar: ki zazzage jaka, ki ɗaga tabarma, ki leƙa ƙarƙashin benci. Samu kuwa sai biron ya shigo hannu. To, "look for" nema ne, "find" samu ne. Da kika ce "I am finding", kamar kin ce "ina samun birona" ne alhali har yanzu kina lalube. Ai zafin nema ba ya kawo samu.

Abin da ke rikita ɗalibai shi ne "look" ɗin. Shi kaɗai dubawa ne, amma ƙaramar kalmar da ta biyo shi ita ke juya ma'anarsa. Da "for" ya zama nema, ko da ido ko ba da ido ba, shi ya sa makaho ma yana iya "look for" sandarsa, mai digiri kuma aikin yi. Da "up" ya zama duba kalma a ƙamus, da "into" bincike, da "after" kula da yaro ko mara lafiya. Kuma ba a raba "look for": "look for it" ake cewa, saɓanin "look it up".

Ki yi hattara da "search". In an ce ɗan sanda ya "search" mutum, caje shi ya yi, ya laluba aljihunsa. In an ƙara "for", mutumin ba ya nan, nemansa ake yi.

A ganina Hausa ta fi tsefe wannan fanni. Akuya ta ɓace, kina bi gida-gida kina tambaya, wannan cigiya ce. Shafa bango cikin duhu lalube ne. "Nemo" ma ya ƙunshi ki je ki dawo da abin. Sai dai kada ki kai "look for" wajen neman aure ko neman gafara, don can Turawa wasu kalmomi suke amfani da su.