Filin Lissafi: Layin Da Ya Yanke Wani A Kusurwar Digiri 90

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku na babbar sakandare a Gusau. An ba mu wannan aiki: a nemo ikweshon na layin da ya bi ta ɗigo (4, 1), ya kuma yanke layin 2x + 3y = 6 a kusurwar digiri 90. Na ɗauki gangarar layin a matsayin 2, na juya ta na sauya mata alama ta koma −1/2, na samu x + 2y = 6. Malaminmu ya ja mini jan biro bai ce komai ba. A ina na kauce?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Juyawar da sauya alamar duk kin yi su daidai, tun daga ɗaukar gangarar aka samu matsala. Lambar da ke manne da x ba ta zama gangara sai an ware y shi kaɗai a gefe guda, ikweshon ya koma siffar y = mx + c, inda m ita ce gangara, wato hawan layi a kan tafiyarsa ta kwance. A naki, y yana ɗauke da 3, kuma yana gefe ɗaya da x, don haka wannan 2 ɗin ba gangara ba ce.

Ki tsallakar da 2x zuwa dama: 3y = −2x + 6. Ki raba komai da 3, har da 6 ɗin: y = −(2/3)x + 2. Gangarar layin farko ke nan, −2/3.

Ƙa'idar ita ce, idan layi biyu suka haɗu a digiri 90, gangarar wannan sau gangarar wancan tana ba da −1. A aikace abu biyu ake yi wa gangarar: na ƙasa ya koma sama, na sama ya koma ƙasa, sannan a sauya alama. −2/3 ta zama 3/2. Kafin ki ci gaba, ki gwada: −2/3 sau 3/2 ya ba da −6/6, wato −1.

Sai ki kawo ɗigon da aka ba ki cikin y − y₁ = m(x − x₁). Zai zama y − 1 = (3/2)(x − 4). Ki ninka ɓangarorin biyu da 2 don ki rabu da lambar ƙasa: 2y − 2 = 3x − 12. A nan ma ɗalibai na yawan tuntuɓe, su ninka y su manta da 1 ɗin, su rubuta 2y − 1. Idan kin gyara tsarin za ki samu 3x − 2y = 10. Ki sa x = 4, y = 1 ki gani: 12 − 2 = 10. Ya zauna.

Ki lura da wani abu. Amsarki ta farko, x + 2y = 6, ita ma ta bi ta (4, 1), domin 4 + 2 = 6. Shi ya sa gwada ɗigo kaɗai ba ya isa. Gwaji biyu ake yi: ɗigon yana kan layin, sannan ninkin gangarorin ya ba da −1. Naki na farko −2/3 sau −1/2 ne, ya ba da 1/3.

Akwai gajeriyar hanya ga tambayoyin zaɓi-ɗaya na JAMB inda lokaci ke gudu. Idan layi ax + by = c ne, wanda ya yanke shi a digiri 90 zai kasance bx − ay = k. A musanya lambobin biyu, a sauya alamar ɗaya, a sa ɗigon don samun k. Daga 2x + 3y sai 3x − 2y, ɗigon ya ba da 10. Amma a takardar rubutu ta WAEC ko NECO ki nuna matakanki, domin ana ba da maki a kan hanyar da aka bi, ba amsar ƙarshe kaɗai ba.

Tambaya: Malam, na haddace cewa ninkin gangarorin −1 ne, amma ban san daga ina −1 ɗin ta fito ba. In na shiga jarrabawa sai in rasa ko +1 ce ko −1. Ɗalibinku daga Maraɗi.

Amsa: Wannan tambaya ta fi mana daɗi, domin wanda ya ga dalilin sau ɗaya ba ya sake buƙatar hadda. Ka ɗauko takardar giraf. Daga (0, 0) ka ƙirga gida 3 zuwa dama, gida 2 zuwa sama, ka sa ɗigo a (3, 2), ka ja layi da rula. Gangararsa hawa a kan tafiya ce, 2/3.

Yanzu ka sa bakin fensir a (0, 0), ka juya wannan layi kwata ɗaya ta hagu, wato digiri 90. Gida 3 da suka nufi dama yanzu sama suke kallo. Gida 2 da suka nufi sama sun kwanta, suna kallon hagu. Ɗigon ya koma (−2, 3), gangarar sabon layin kuwa 3 a kan −2, wato −3/2. Ka ga abubuwa biyun da idonka: hawa da tafiya sun yi musayar wuri, shi ne juya lambar, ɗaya daga cikinsu ya sauya alkibla, shi ne sauya alamar. Tunda ɗaya layin hawa yake yi ɗayan kuma sauka, ninkinsu ba zai taɓa zama +1 ba.

In kana son tabbaci cewa kusurwar 90 ce cif, ka yi abin da magini ke yi idan zai fitar da kusurwar ɗaki da igiya, ƙafa 3 nan, ƙafa 4 can, ya duba ko tsakaninsu ƙafa 5 ne. Ƙa'idar Pythagoras ce. Daga (0, 0) zuwa (3, 2), tsawon sau kansa 9 + 4 = 13. Zuwa (−2, 3) ma 4 + 9 = 13. Tsakanin ɗigon biyu kuwa tazarar kwance 5 ce, ta tsaye 1, wato 25 + 1 = 26. Kuma 13 + 13 = 26.

Tambaya: Malam, yaya ake nemo layin da ya raba tsakanin A(−3, 2) da B(5, 6) gida biyu daidai, a digiri 90? Ba a ba ni ɗigon da zai bi ba. Daga wata ɗaliba a Kumasi.

Amsa: Ɗigon ke za ki nemo shi, shi ne tsakiyar AB. Ki haɗa x biyun ki raba biyu: (−3 + 5)/2 = 1. Haka y: (2 + 6)/2 = 4. Tsakiya (1, 4) ce.

Gangarar AB ita ce (6 − 2) a kan (5 − (−3)), wato 4/8, ko 1/2. Ki kula da ƙasan nan sosai: cire −3 daga 5 ƙari ne, 8 ake samu. Mai gaggawa yakan rubuta 2, gangarar ta koma 2, duk sauran aikin ya bi ruwa. Haka kuma in kin fara da B a sama, ki fara da B a ƙasa.

Juya 1/2 da sauya alama ya ba da −2. Sai y − 4 = −2(x − 1), wato y = −2x + 6. Wannan layi yana da gwaji na musamman: kowane ɗigo a kansa nisansa da A daidai yake da nisansa da B. Ɗauki (0, 6). Zuwa A, 3 a kwance da 4 a tsaye, nisa 5. Zuwa B, 5 a kwance ba hawa, nisa 5.

Tambaya: An ce in nemo wanda ya yanke y = 3 a digiri 90 ta ɗigo (5, −2). Gangarar sifili ce, da na sa −1 a raba da 0 kalkuleta ta ƙi. Ina mafita, Malam?

Amsa: Kalkuleta tana da gaskiya, ba a rabawa da sifili, kuma ƙa'idar −1 ba ta aiki a nan. Layin y = 3 a kwance yake shimfiɗe, wanda zai yanke shi a digiri 90 dole ya tsaya cak, layi mai tsaye kuwa ba shi da gangarar da za a rubuta da lamba. Duk ɗigon da ke kansa x ɗinsu ɗaya ne, don haka amsar x = 5. Da x = 3 aka ba ka, amsar y = −2 ce.

Tambaya: Ni malamin lissafi ne a wata makarantar je-ka-ka-dawo. Ɗalibaina sun yi lissafi daidai, amma da suka zana layukan a giraf sai kusurwar ba ta fito 90 ba, har wasu suka goge amsarsu. Me zan ce musu?

Amsa: Malam, a duba ma'aunin da suka ɗauka. In sun ba x santimita 2 ga lamba 1, suka ba y santimita 2 ga lamba 5, kamar yadda ake yawan yi a tambayoyin giraf, to hoton ya matse ta tsaye, kusurwoyi sun karkace duk da lissafin lafiya lau yake. Ku sa su zana y = −2x + 6 da layin AB na tambayar baya sau biyu, na farko da ma'auni iri ɗaya a x da y, na biyu da mabambanta, su ɗora ma'aunin kusurwa a kan kowanne. Darasi guda ya isa su daina yarda da ido a inda ma'auni ya bambanta.

Idan sun kama wannan, ku gwada su da irin tambayar da ke juya aikin baya: a nemo k idan kx + 4y = 7 ya yanke 2x − 3y = 5 a digiri 90. Gangarar na farko −k/4, ta biyu 2/3. Ninkinsu −2k/12 = −1, sai k = 6. Wanda ya kawo muku −6 ko 8/3, ku duba aikinsa layi-layi: na farko ya yar da alama a hanya, na biyu ya sauya alama bai juya lambar ba; wanda kuwa ya rikita wannan ƙa'ida da ta layukan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, inda gangarorin suke zama ɗaya, −8/3 zai samu.