Sayo takardar ado daga Kano zuwa Katsina

Hajiya, kin tambaya ko ki sayo takardun adon da kike haɗa kwalayen rabon biki da su a tafiyarki ta Kano, ko ki haƙura da na nan Katsina. Ki sayo a Kano. Masu kayan rubutu na kasuwar Sabon Gari sun fi mu kaloli, musamman mai ƙyalli da mai ruwan zinare. Ki tafi da guntun wadda kike amfani da ita a jaka, ki kara su a hasken rana, don fitilar shago tana ɓoye ainihin kala.

Sharaɗin dai shi ne ɗaukowa. Na taɓa sayo kwali mai kauri, gram 250, na bari aka naɗe shi aka cusa a but. Kafin mu wuce Kankiya buhun wani ya danne shi, rabi ya karye, kuma karyewar kwali ba ta gyaruwa, raina ya ɓaci sosai. Mai kauri ki shimfiɗa shi tsakanin kwalaye biyu, ki ɗaure, ki riƙe a cinyarki. Marar kauri ce kawai ake naɗewa. In damina ce, ki sa leda.