Tambaya da Amsa: Rezin ɗina ya ƙi bushewa a ciki

Tambaya: Salamu alaikum Anti. Ni 'yar Birnin Kebbi ce, wata uku ke nan da fara sana'ar rezin (wani ruwa mai kauri da ke daskarewa ya yi ƙarfi kamar roba), ina yin abin rataye makulli da 'yan kunne. Satin da ya wuce munka samu odar biki, na zuba baƙar kala a rezin na UV, wato wanda hasken fitila ta musamman ke busarwa, na sa a fitilar, sama ya yi ƙarfi amma da na ɓamɓare daga mol (mazubin da ke ba shi siffa) sai ga ruwa na tsiyaya ta ƙasa. Wanda na yi da efoksi (ɗaya nau'in rezin ɗin) kuma na sa kalar kek, har yau danƙo yake. Kuma zan iya zuba UV a kan efoksi? Don Allah a taimaka mani.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Na ji zafin asarar nan don rezin ba arha gare shi ba.

Ki gane kowanne da abin da ke busar da shi. Na UV haske ne, to ke kin zuba masa baƙi kin kuma cika mol ɗin, hasken ya tsaya a sama bai ratsa ba, shi ya sa ciki ya zauna ɗanye. Ki riƙa zubi siriri, kamar milimita 2, ki sa a fitila minti 2 zuwa 3 sannan ki ƙara wani a kai, in kin gama ki juya mol ɗin ki haska ta baya, kuma mol ɗin ya zama mai garai-garai wanda haske ke wucewa. Kala mai duhu gaskiya ki bar wa efoksi, shi ba ruwansa da haske, haɗuwar ruwan kwalabe biyun da yake zuwa da su, A da B, ce ke ƙarfafa shi.

Kalar kek kuwa ruwa ce, efoksi ba ya shiri da ruwa. Ki nemi hodar mika (wata hodar kala mai ƙyalli) ko kalar da aka yi don rezin, ki ɗiba da bakin tsinken sakace, kar ta wuce kashi 5 cikin 100 na haɗin. Ki duba awonki ma, wani 1 da 1 ne wani 2 da 1, yana rubuce jikin kwalba, ki juya minti 3 kina kankare gefen kofi da gindinsa.

Maganar UV a kan efoksi, eh ana yi, ni ma haka nake sheƙin saman kayana, amma sai efoksin ya bushe sarai, awa 24 ko fiye, ki ɗan goge shi da samfefa mai laushi ki share ƙurar don ya samu wurin kamawa. Kar dai ki haɗa su suna ruwa a kofi ɗaya. In efoksi ne kan efoksi ki jira na farko ya yi kauri, ki taɓa da tsinke ki ji yana kama shi amma ba ya biyo shi, lokacin za ki zuba na biyu su manne ba tare da kalolin sun cakuɗe ba.

Da zafin Kebbi na watan Afrilu efoksi na saurin kamawa har kofin ya yi zafi a hannu, ki haɗa kaɗan kaɗan da sassafe. Da hunturu ki kife kwali a kai saboda ƙura. Ki sa safar hannu ki buɗe taga, ɗanyen rezin na sa ƙaiƙayin fata, kuma waɗancan masu danƙon kar ki ba kowa ya saƙala a kunne.