Amsa kan takardar inshorar ran Clyde Barrow

Ɗan'uwa, ka ce an yi maka tallar takardar inshorar ran Clyde Barrow, shahararren ɗan fashin nan na Amurka, a intanet, kana tambaya ko ka saya. Tushen labarin gaskiya ne. Bayan 'yan sanda sun harbe shi da budurwarsa kuma abokiyar fashinsa Bonnie Parker a jihar Louisiana ta Amurka ranar 23 ga Mayu, 1934, kamfanin American National na Galveston, Texas, ya biya kuɗin inshorarsu cif-cif, duk da fashi da kashe-kashen da suka tafka.

Kayansu kuwa suna tsada. A gwanjon 2012, bindigar Bonnie ta kai dala 264,000. Inda kuɗi irin wannan yake, 'yan jabu ba sa nisa, shi ya sa nake jiye maka.

Kafin ka biya ko kwabo, mai sayarwa ya nuna maka hannun da takardar ta bi, daga iyalin ko kamfanin har zuwa gare shi. Ka nemi hoton bayanta: tafiretar wancan zamani tana danna takarda har harafi ya kumburo, na'urar yanzu ba ta yin haka. In ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.